Hoton Duwatsu da Ruwa da Gilashin Saitin Hannu: Tambayoyin 'Yan Tattakin Legas

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa a tsakanin 'yan uwa mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, masu fita tattaki a ƙarshen mako da kyamara rataye a wuya. Yawancinsu ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai, kuma kuɗin sayen sabon gilashi mai tsada ba ya cikin lissafinsu.

Mene ne gilashin saitin hannu?

Gilashin kyamara ne da babu mota, wato ɗan injin da ke saita shi, a cikinsa. Kai ne za ka murɗa zobe da yatsunka har abin da kake son ɗauka ya fito tas, kai ne kuma za ka murɗa wani zoben ka buɗe ko ka tsuke ƙofar haske, wadda ake nuna girmanta da lambobi irin f/8, lamba na ƙaruwa ƙofa na tsukewa. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai tsofaffi na zamanin fim, irin su Takumar na kamfanin Pentax, Zuiko na Olympus, Nikkor na Nikon da Helios na tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Akwai kuma sababbi da ake ƙerawa yanzu, irin su Samyang, TTArtisan da 7Artisans.

Me zai sa in wahalar da kaina alhali kyamara tana iya saita kanta?

Idan wasan ƙwallo ko hawan sallah kake ɗauka, bar wa kyamara aikinta. Amma dutse ba ya gudu. Wanda ya tsaya a kan tudu yana jiran haske yana da isasshen lokacin murɗa zobe, kuma a irin wannan hoton saitin kyamara yakan yi kuskure: ta kama ganyen da ke gabanka ta bar kwarin da ke baya, ko ta yi ta kai da kawo cikin hazo ba ta sami abin kamawa ba.

Sai batun nauyi da kuɗi. Zuiko 28mm f/3.5 bai kai giram 200 ba, kuma wanda ya taɓa hawa matakalar Idanre da jaka a baya ya san darajar wannan. Tsohon gilashi mai kyau kuma yakan zo da sauƙin farashi fiye da sabo mai mota. A ganina, wanda zai zauna a Legas bai kamata fokas, wato saita hoto ya fito tas, ya dame shi ba, cikin makonni kaɗan hannu zai saba. Laima, wato danshin iska, ita ce abokiyar gabarsa, kuma akwai amsa guda a kanta a ƙasa.

Legas ai shimfiɗe take, ina ake samun abin ɗauka?

A cikin jihar, ruwa da daji ne jarinmu. Gandun Lekki, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, yana da hekta 78 na fadama da kurmi, da gadar sama mai tsawon mita 401 da ke bi ta kan bishiyoyi. Gadar tana lilo da kowane taku, don haka hoto a kanta sai da hannu da sauri. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa, kuma akwai dogon yashi da duwatsun da aka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa. A Badagry ana tsallakawa tsibirin Gberefu a taka hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku. A Epe kuwa kwalekwale ne ke ratsawa da kai cikin dajin ruwa.

Mai son dutse sai ya fita. Mafi kusa shi ne Olumo a Abeokuta, mai tsayin mita 137, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Tun da jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021 ana iya zuwa a dawo rana ɗaya. Daga sama za ka ga rufin kwano mai tsatsa ya bazu har kogin Ogun. Ado-Awaye a jihar Oyo yana da tafkin Iyake a kan dutse, ga fili ko'ina ka juya, kuma shi ne ya fi tuna wa ɗan Arewa duwatsun gida. Erin-Ijesha a jihar Osun magangarar ruwa ce mai hawa bakwai. Idanre, kusa da Akure a jihar Ondo, matakalarsa ta haura 600, a sama kuma akwai kufan tsohon gari.

Waɗannan biyun na ƙarshe tafiyar kwana ce. Wanda ya ce zai je ya dawo ranar zai iso da rana tsaka, lokacin da haske ya fi muni, ya koma cikin dare.

Wane gilashi zan fara saya?

Ya danganta da girman sensar kyamararka, wato faifan da ke kama hoto a madadin fim. A kan cikakkiyar sensa, wadda girmanta ya yi daidai da fim na 35mm, gilashin 28mm yana da faɗi sosai, ya isa yawancin tafiye-tafiye. A kan ƙaramar sensa ta APS-C sai ka ninka lambar da 1.5, ko 1.6 idan Canon ce: 28mm zai nuna maka abin da 42mm ke nunawa, faɗin ya tafi. A kyamarorin Olympus da Panasonic masu sensar Micro Four Thirds ninki biyu ne. Mai ƙaramar sensa da ke son faɗi ya nemi sabon gilashi irin Samyang 12mm f/2, don tsofaffi masu irin wannan faɗin ba su da yawa kuma ba su da araha.

Na biyu da zan ba da shawara shi ne 135mm. Kusan kowane kamfani ya yi shi da yawa, yana da sauƙin samu, kuma shi ke zuƙo tudun da ke nesa ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Helios 44-2 mai 58mm da matasa ke rububi yana da kyau a hoton mutum, amma gefensa ba ya fitowa tas sai an tsuke shi, kuma da rana ta shiga fuskarsa sai hoto ya kwanta. Kada ya zama shi ne na farko.

Zai hau kyamarata kuwa?

Idan marar madubi ce, irin Sony E, Fujifilm X, Canon RF ko Nikon Z, kusan duk tsohon gilashi zai hau ta da adafta, wato zoben ƙarfe da ba komai a cikinsa. Dalili shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa. A Sony E milimita 18 ce, a Nikon Z 16, alhali gilashin M42 mai zaren murɗawa an ƙera shi don tazarar 45.46. Aikin adafta shi ne cike wannan giɓin.

A kyamara mai madubi abin ya fi tsauri. Canon EF tana da tazarar milimita 44, saboda haka tana karɓar M42 da Nikon F da Olympus OM, amma ba ta karɓar tsohon Canon FD mai 42. Nikon F tana da 46.5, shi ya sa M42 ba ya kaiwa nesa a kanta. Ana sayar da adafta mai ƙaramin gilashi a ciki don gyara wannan, sai dai tana rage kaifin hoto, kuma mai hoton duwatsu kaifin yake nema. Masu ƙananan Nikon irin D3000 da D5000 da ƙannensu su sani cewa tsohon Nikkor zai hau, amma kyamara ba za ta auna haske ba, sai ka gwada ka duba.

Na ɗaura, amma kyamara ta ƙi ɗauka.

Ba ta san akwai gilashi ba, tunda babu waya tsakaninsu. Shiga jerin saiti ka kunna izinin ɗauka ba tare da gilashi ba, sannan ka sa ta a yanayin ɗauka na A ko M. Idan kyamararka tana da abin hana girgiza a jikinta, rubuta mata tsawon gilashin da hannu, 28 ko 135, ka kuma tuna canzawa duk lokacin da ka sauya. Idan gilashin M42 ne kuma ƙofar haske ta ƙi tsukewa, duba ɗan makunnin da ke gefensa ka mayar da shi kan M.

Ta yaya zan duba tokunbo, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, kafin in biya?

Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko wani ne ka haɗu da shi ta intanet, je da kyamararka da adafta. Cire murfin gaba da na baya, buɗe ƙofar haske duka, haska tocilan wayarka ta baya kana leƙawa ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon gilashi yana da ita. Abin gudu shi ne farin zare mai rassa kamar saƙar gizo-gizo, wannan funfuna ce, da kuma wani dishi-dishi da ya lulluɓe fuskar gilashin ciki. Sannan ka tsuke ƙofar ka dubi fukafukanta: su kasance a bushe, ba maiƙo, suna rufewa nan take. Murɗa zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa a wani wuri.

Daga nan fita bakin shago ka ɗauki wani bene mai nisa a f/8, ka zuƙo hoton ka duba kusurwoyi huɗun. Idan gefe ɗaya tas ne ɗayan ya narke, gilashin ya taɓa faɗuwa ko an kwance shi an mayar ba daidai ba. Mai kaya zai ce maka “oga, goge shi kawai za a yi”. Wani lokaci gaskiya ne, amma funfunar da ta daɗe tana cin rufin gilashin, kuma tabon ba ya fita. Araha ba ta ado.

Yaya ake saita fokas ya fito tas?

Buɗe ƙofar haske duka, zaɓi abin da kake son ya fi komai kaifi, danna maɓallin zuƙowa har ya cika allo, murɗa zobe ka wuce wurin kaɗan ka dawo, sannan ka tsuke zuwa f/8 ka ɗauka. Ana saitawa a buɗe ne saboda a nan kuskure ya fi bayyana.

Kyamarori marasa madubi suna da wani taimako da ke shafa ja ko rawaya a gefen abin da ya fito. Yana da amfani idan ana sauri, amma a gilashi mai faɗi yakan shafa launin ko'ina, har inda bai gama fitowa ba. Zuƙowa ta fi shi gaskiya. Da rana tsaka ba a ganin allo da kyau, sai ka yi amfani da tagar leƙe ko ka yi wa allon inuwa da hula. Mai kyamarar madubi ya kunna kallon allo ya yi haka nan.

Na murɗa har ƙarshe kan alamar ∞, me ya sa tudun nesa bai fito ba?

Yawancin adaftoci ana yin su da ɗan gajarta da gangan don a tabbata gilashi ya kai nesa, sakamakon haka ƙarshen zobe yakan zarce. Tun kana gida ka zuƙo wani dogon ƙarfen sadarwa mai nisa, ka gano inda ya fi fitowa, ka sa ɗigon farin fenti ko guntun salatif a wurin. Idan ka yi haka kuma nesa ba ta fito ba, duba amsar da ke magana kan hunturu, don wataƙila iska ce ba gilashi ba.

Waɗannan lambobin da ke jere hagu da dama a jikin gilashin fa?

Su ke nuna daga ina zuwa ina hoto zai fito a kowace ƙofar haske. Ka ga 8 a hagu, 8 a dama. Idan ka tsuke zuwa f/8 ka kawo alamar ∞ kan ɗaya, ɗayar za ta nuna maka mafi kusan abin da zai fito. A lissafin da aka saba, 28mm a f/8 kan cikakkiyar sensa yana son a sa fokas a mita 3.3, sai komai ya fito daga wajen mita 1.6 har iyakar gani. Wannan gilashin a kan APS-C yana son mita 4.9, ya fara daga wajen 2.5. Shi kuwa 12mm a f/8 kan APS-C ko mita ɗaya bai cika ba, shi ya sa yake da wuya a kuskure da shi. 135mm a f/8 kan cikakkiyar sensa yana neman fiye da mita 70, don haka wannan dabarar ba tasa ba ce.

Ga yadda abin yake a fili. Kana saman Olumo, gabanka da taku uku akwai ƙaton dutse mai tsaga da ciyawa ta fito a ciki, bayansa gari ya shimfiɗu. Idan ka sa fokas a gari, ciyawar ta narke. Idan ka sa a ciyawar, garin ya narke. Sai ka sa a tsakani, wajen mita uku zuwa huɗu, ka ɗauka, ka zuƙo hoton ka duba ciyawar ka duba hasumiyar da ta fi nisa.

Amma an zana lambobin nan ne a zamanin fim da ƙaramin bugu, sensar yau ta fi su ido. Ɗauka a f/11 ka bi alamomin 8. Idan kuma babu komai kusa da kai, manta da lissafin, sa fokas a tudun kawai.

To me zai hana in tsuke zuwa f/22 in huta?

Idan ƙofa ta yi ƙanƙanta sosai haske yakan bazu yayin da yake ratsa ta, sai hoton duka ya rasa kaifi. A APS-C abin yana fara nunawa bayan f/11, a cikakkiyar sensa wajen f/16. Ƙari a kan haka, a f/22 duk ƙurar da ke kan sensa sai ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Yawancin tsofaffin gilasai sun fi kyau tsakanin f/5.6 da f/11.

Wane lokaci ne ya fi, damina ko hunturu?

Legas tana kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana tana fitowa tsakanin 6:30 da 7:00 kusan duk shekara, tana faɗuwa a irin wannan lokacin da yamma, kuma ba ta ɓata lokaci. Jan hasken nan mai laushi ba ya daɗewa, bayan faɗuwar rana da minti ashirin da 'yan kai duhu ya shigo. Wanda ya yi asuba ya kama hanya shi ke samu. Da yamma kuma hasken ƙarshe yana haɗuwa da magariba, sai a shirya da ruwan alwala a jaka. Wuraren da ke da ƙofa da tikiti ba sa buɗewa sai rana ta ɗaga, shi ya sa bakin teku ya fi dacewa da hoton safiya. Gaɓar Legas kudu take fuskanta, don haka a Disamba da Janairu, lokacin da rana ta karkata kudu, ake ganin ta fito ta faɗi a kan ruwa.

Hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, yana kawo hazon da ke cinye nesa. Babu murɗa zoben da zai dawo da tudun da ƙura ta rufe. Sai a juya abin: 135mm, tuddai jere kowanne ya fi na gabansa fari, rana ja ƙwal babu ƙyalli. Iska ta fi tsabta bayan an ɗauke ruwan sama, kuma ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa kore ce, ruwa bai janye daga magangara ba, hanya kuma ta fara bushewa. Yuni da Yuli duwatsu suna da santsi sosai.

Yaya ake sa ruwan magangara ya fito a kwance, fari sol?

Da jinkirin ɗauka, daga kwatan daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, kyamara a kan ƙafa-uku ko a kan jaka bisa dutse, ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a mafi ƙanƙanta, da agogon daƙiƙa biyu don kada yatsa ya girgiza ta. A hawan farko na Erin-Ijesha akwai inuwa, sau da yawa filta mai kashe ƙyalli ta isa. Tana rage haske, tana kuma cire walƙiyar jiƙaƙƙen dutse da ganye, launi ya fito. Yawancin Takumar da Zuiko bakinsu milimita 49 ne, yawancin Nikkor 52, don haka filta ɗaya takan yi wa gilasai biyu ko uku. Sa fokas a dutsen gefen ruwa, ba a ruwan ba, ka riƙa duba fuskar gilashi bayan kowane hoto saboda feshi.

Ta yaya zan hana funfuna?

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ya saba ajiye kyamara a durowa shekara da shekaru ba abin da ya same ta. A Legas damina ɗaya ta isa. Funfuna tana son laima da duhu da wurin da iska ba ta motsi, wato dai cikin jakar kyamara a ƙasan wadrob. Tsohon kuben fata da ke zuwa da gilashin ma gidanta ne, raba su.

Nemi robar ajiye abinci mai murfin da ke kamawa gam, ka zuba buhunan silika irin masu canza launi idan sun sha ruwa, ka sa ƙaramin ma'aunin laima. Ana son ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Idan silika ta canza launi a gasa ta a hankali ta bushe a mayar. Akwai akwatin lantarki na musamman, yana da kyau, amma inda ake yawan ɗauke wuta ka jefa silika a cikinsa ita ma. Gilashin da ya riga ya kamu a ware shi, a kai wa mai gyara da wuri. Yadda ake gane shi yana cikin amsar duba tokunbo.

Ina fitowa daga mota gilashi ya yi raɓa.

Sanyin na'urar mota ne ya haɗu da ɗumin waje. Kada ka cire gilashin daga kyamara, kada ka goge, bar shi cikin jaka a rufe na minti goma sha biyar ko ashirin. A bakin teku kuwa gishiri ne matsala: a Tarkwa Bay ko Badagry sa filta a gaba, kada ka sauya gilashi iska tana kaɗawa, idan ka koma gida ka goge jikin kyamara da tsumma mai ɗan danshi, ka bari ta bushe kafin ta shiga roba.

Me zan ɗauka, kuma akwai inda ba a so a yi hoto?

Gilashi biyu sun isa, da batir na biyu, famfon hura ƙura, ledar da za ta rufe jaka, ruwa, da takalmi mai kama dutse. Lokacin hawa sa kyamara cikin jaka, hannu biyu na matakala ne. A gandun Lekki birai suna warce abin da suka gani a hannu, musamman abinci. Da yake kyamara ba ta rubuta sunan gilashin hannu ko ƙofar hasken da aka yi amfani da ita, mai son koyo ya riƙa rubutawa a waya.

Wurare da dama suna karɓar kuɗin kyamara daban da na shiga, tambaya tun a ƙofa. A Olumo, Idanre da Ado-Awaye akwai sassan da mutanen gari ke girmamawa, ɗan rakiya zai gaya maka inda aka hana, ka bi maganarsa. Kada ka nuna gilashi wajen jiragen sojan ruwa, bariki ko shingen jami'an tsaro, musamman a hanyar ruwa zuwa Tarkwa Bay. Masunta da mata masu talla a gaishe su a nemi izini kafin su shiga hoto. Idan za a hau dutse mai nisa a tafi aƙalla mutum biyu, a kuma fara saukowa da sauran haske, don matakalar ta fi haɗari a gangara.